Edwardian Script ko Great Vibes: wanne ya dace da katin ɗaurin aure?

'Yar'uwa, na ga tambayarki cewa kina shirya katin ɗaurin auren ƙanwarki, kin tsaya tsakanin salon rubutun kwamfuta guda biyu, Edwardian Script da Great Vibes, kuma za a buga a takarda sannan a tura a WhatsApp. Allah Ya sanya alheri. Dukansu na yi aiki da su, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Edwardian Script aikin Edward Benguiat ne, mutumin New York, ya zana shi wa kamfanin ITC a 1994. Abin da ya kwaikwaya shi ne rubutun alƙalamin ƙarfe mai tsinin baki: idan marubuci ya danna yana gangarowa bakin ya buɗe, layi ya yi kauri, idan ya sassauta yana hawa sai layin ya koma kamar silin gashi. Daga nan kwarjininsa ya fito. Ki rubuta sunan amarya da shi a kan farar takarda mai kauri da baƙin tawada, za ki ga katin ya yi nauyi irin na gidan sarauta. Yana zuwa tare da Microsoft Office, shi ya sa kusan kowane shagon buga kati yana da shi.

To amma wannan siririn layin shi ne kuma rauninsa. Na taɓa ba da aiki aka buga min shi da ruwan zinari a kan kati ruwan goro, na sa girman harafi a 16. Da na karɓo, kaurin layukan ya fito, siraran da ke haɗa harafi da harafi kuwa sun ɓace, sai sunan ango ya zama kamar an jera sanduna. Wata gwaggona ta juya katin sau biyu a hannunta, ƙarshe ta miƙo min ta ce in karanta mata. Ƙananan haruffansa ma 'yan mitsi-mitsi ne a gefen manyan, don haka abin da kika sa a 20 zai yi kama da 12 na rubutun yau da kullum. Idan kin zaɓe shi, kada ki sauko ƙasa da 28 a sunaye.

Great Vibes na Robert Leuschke ne, wanda ya taɓa aikin rubutun katunan gaisuwa a kamfanin Hallmark, kuma ya fito a Google Fonts, shafin Google na salon rubutu, a 2012. Kyauta ne, har aikin kasuwanci lasisinsa ya yarda. Layinsa ya fi nama, manyan haruffansa na da lanƙwasa masu faɗi, kuma yana karantuwa a fuskar waya ko bayan WhatsApp ya matse hoton. A babban allon da ake kafawa bayan amarya da ango ma shi ya fi fitowa daga nesa. Aibinsa ɗaya a wurina: ya yi yawa a gari. Mai sayar da turare, mai kek, mai ɗinki, kowa da shi yake rubuta sunan sana'arsa, don haka ba ya ba da wannan natsuwar da ake so a katin da za a miƙa wa dattawa.

Akwai abin da ya fi duk wannan damuna, wato haruffanmu masu ƙugiya. Edwardian Script ba shi da ɗ, ƙ da ɓ. Kina rubuta "Ɗaurin Aure" kwamfuta za ta aro Ɗ daga wani salon ta dasa, ya tsaya ƙiƙam a gaban sauran da suka kwanta, ko kuma ta bar miki akwati. Masu buga kati da yawa sai su cire ƙugiyar kawai, Ɗahiru ya koma Dahiru, Ƙofar Mata ta koma Kofar Mata. Ni ban yarda da haka ba, sunan mutum hakkinsa ne. Kafin ki tsayar da kowane salo, ki rubuta Ɗ ɗ Ƙ ƙ ɓ da shi ki gani da idonki. In bai da su, mai zane zai iya mayar da rubutun zane a manhajar CorelDRAW ya ƙara ƙugiyar da hannu, aikin 'yan mintuna ne.

Shawarata: na takarda ki yi da Edwardian Script, tawada mai duhu a kan kati mai haske, sunayen amarya da ango kaɗai. Na WhatsApp ki yi da Great Vibes. A duka biyun kada ki rubuta kalma da manyan haruffa zalla, lanƙwasar tana harɗewa. Rana, lokaci, masallaci da lambar waya kuma su zo da salo miƙaƙƙe kamar Garamond, don kada wani ya karanta 1 a matsayin 7. Ki ce a buga miki gwaji ɗaya a ainihin takardar kafin a sako sauran, ki kai wa Mama ta karanta.