Ɗauki mai faɗin nan, bar mai tsinin

Malam, duwatsu biyun nan masu murɗe da ka ce mai sayarwa na kiran su duka "dodon koɗin teku", ba abu ɗaya ba ne. Mai faɗin, wanda ya naɗe kansa kamar gammo, amonit ne kusan tabbas, wato bawon wata dabbar teku ta zamanin da can da ya zama dutse. Mai tsinin da ke ƙyalli katantanwa ce da ta zama dutse, shi ke nan.

Ina da irin mai faɗin, wani ƙanen mahaifiyata da ke zirga-zirgar hanyar Tanout ta Nijar ya kawo min, yara ne suka tsinto shi a gangaren tudu bayan ruwan sama. Ba shi da wani kyau wallahi, kalar ƙasa, gefe ɗaya ma ya ɓalle, ga nauyi a hannu ga kumburi. Amma da na wanke shi da tsohon buroshin haƙori na bar shi da danshi sai ga wasu siraran layuka sun fito suna lanƙwasa suna reshe-reshe tun daga ciki har baya, a jere a jere. To layukan nan su ne shedar. Bawon amonit ɗaki-ɗaki ne a ciki, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe na baki, sauran kuma iska da ruwa ne da take daidaita nitsewa da tasowa da su, kuma duk inda bangon ɗaki ya haɗu da bawo sai ya bar wannan zane. Inda nawa ya ɓalle har bangon kake gani da ido, shi ya sa ban taɓa jin haushin ɓallewar ba.

Kuma kar ka yi mamakin abin teku a Damergou, wato yankin Tanout. Wajen shekara miliyan 90 da wani abu da suka wuce teku ya ratsa Sahara, ya bi ta ƙasar nan, kuma duwatsun yankin Tanout masana sun daɗe da sanin su da amonit, har akwai jinsin da aka sa wa suna Nigericeras. Amonit dangin dabbar tekun nan mai hannaye takwas ne (octopus) ba dangin dodon koɗi ba, sun ƙare gaba ɗaya shekara miliyan 66 baya, tare da dinozor, manyan dabbobin nan na da can.

Ka gwada da kanka kafin ka ba da kuɗi: ka riƙe shi ta baki ka dube shi, in dama da hagu iri ɗaya ne, murɗin bai karkata gefe ba, ka jiƙa shi da ɗan ruwa ka nemi layukan. In layukan sun fito amma santsi ne, baka ɗaya babu reshe, to wataƙila notil ne, ɗan uwansa, shi ma abin ajewa ne.

Mai tsinin kam na taɓa sayen irinsa, yana can cikin kwali. Ba ɗakuna ba zane, murɗin ya hau sama gefe guda, man ƙyallin da aka shafa masa ne kawai kuɗin.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, masu wannan sana'ar wasu ba su da tsoron Allah. Akwai waɗanda ake shigowa da su daga Maroko, bakin na gaske ne amma tsakiyar da ta lalace an sassaƙa ta da inji, wani ma guntaye biyu ne aka manne da gam da siminti aka shafe da ƙasa. Duk wanda ka ga ya cika kyau, tsakiyarsa tsaf babu ko tabo, ka kai shi rana ka duba sawun zarto. In yana kama da roba ka ɗora masa allura mai zafi, za ka ji wari. Kuma wanda ya ce maka maganin wani abu ne ko akwai zinariya a ciki, kuɗinka yake so. In kana tunanin fita da shi ƙasar waje ma ka sani doka ba ta yarda ba sai da izini.

Ka ɗauki mai faɗin, ka taya ƙasa sosai tunda shi kansa mai sayarwar ya fi ganin darajar mai ƙyallin. Ka tambaye shi takamaimai inda aka tsinto ka rubuta a takarda ka aje tare, kuma don Allah kar ka shafa masa mai.