Wani kantin atamfa a Kantin Kwari da yadda yake riƙe yaransa

Akwai wani kantin atamfa da shadda a Kasuwar Kantin Kwari da ke Kano wanda tsarinsa ya cancanci yabo. Duk turmin da aka saya ana yanka masa rasit, kuɗin kuma yana shiga asusun kantin kai tsaye, ba asusun yaron shago ba, wanda ta nan ne ake yawan yin ƙari a ɓoye. Abin da ya fi burge ni shi ne halin maigidan, domin yana biyan yaransa haƙƙinsu a kan lokaci, yana ƙirga kaya tare da su kowace yamma, ba ya kuma tozarta su a gaban masu saye. Farashinsu ya ɗan ɗara na maƙwabta, amma ban taɓa samun yadin da aka tauye ba.