Feshin shuɗi na ciwon kaji: yana rufe jini, ba ya raba faɗa

Kajina goma sha huɗu ne a bayan gida, a Pantami. Goma na gida ne, sai noila huɗu, wani nau'in kajin zamani, da na sayo cikin watan Maris. Laifin farko nawa ne, don ranar da aka kawo su na tura su akurki ɗaya da tsofaffin, da rana tsaka, ga zafin bazarar Gombe. Kafin la'asar wata baƙar kaza, wadda ko zakara yana shakkarta, ta fige wa ƙaramar noila gashin ƙeya. Washegari jini ya fito. Kaza kuwa in ta ga ja ba ta haƙura, har waɗanda ba ruwansu suka shiga sara.

A wani kantin magungunan dabbobi kusa da babbar kasuwa aka ba ni gwangwanin feshin nan. Haɗin maganin ƙwayoyin cuta ne da shuɗin GV, irin wanda ake shafa wa yara a gyambo. Mai kantin ya ce, "Hajiya, ki wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, in ya bushe ki fesa daga nesa kaɗan. Ki kare mata ido."

Gaskiya ta wajen ciwo ya yi aiki. Shuɗin ya ɓoye jan, sauran kajin suka daina bin wurin, cikin kwana huɗu ya kame, ƙuda ma bai samu wurin zama ba. Sai dai ƙarar fesawar tana firgita kaza, dole a samu mai riƙewa, kuma bakin gwangwanin yakan toshe in ba a goge shi ba. Tabonsa kuwa ba a magana. Da shuɗin yatsu na je bikin 'yar ƙanwata, ana ta tambayata wane sabon lalle ne wannan.

Inda na yaudari kaina shi ne zaton magana ta ƙare. Noilar na warkewa, baƙar nan ta koma kan wata, wannan karon a gindi, wurin da ya fi haɗari domin sukan iya jawo hanji waje. Feshi ba ya ƙara faɗin akurki, ba ya kuma ƙara kaskon abinci, ni kuwa kasko ɗaya na aje wa kaji goma sha huɗu.

Sai na ɗauke ita mai saran, na killace ta mako guda. Na raba akurkin da ragar waya yadda baƙi da 'yan gida za su riƙa ganin juna ba tare da baki ya kai ba. Na ƙara kasko biyu nesa da juna, na rataye damin zogale su sami abin tsattsaga, na rage dusa zalla na ƙara abincin kanti, tunda ƙarancin abinci mai gina jiki ma yana sa su cin gashin juna. Daga baya, da dare na cire ragar, lokacin duk sun yi lamo.

Zan sake sayensa, har yanzu ma da saura a gwangwanin. Baƙar kazar ta dawo da ɗan ladabi, amma har gobe ita ke fara sa baki a kasko.