GARGAƊI: masu tallan hutun hunturu a Paris, sun ci min Naira miliyan 6 da dubu 400 da harafi shida

Naira miliyan 6 da dubu 400. Kuɗin mutum biyu ke nan, ni da maiɗakina, kwana biyar a Paris a ƙarshen Disamba: jirgi daga Abuja, otal, biza, inshora, motar filin jirgi da tikitin wuraren kallo. Wani mai kiran kansa ejan ɗin tafiye-tafiye ne ya karɓa kashi uku, miliyan 1 da dubu 400, sai miliyan 3 da dubu 800, sai miliyan 1 da dubu 200. Yau sati na uku ke nan wayarsa a kashe, shagon da yake zama kuwa da kwaɗo a ƙofa, maƙwabtansa sun ce dama aron tebur yake yi a wurin.

Kafin wani ya zo ya ce min araha ba ta ado, to ba araha ba ce. Na lissafa kuɗin jirgi da na otal da kaina kafin in tura ko kwabo, kuma abin da ya faɗa bai yi nisa da lissafina ba. Da ya karya farashi ƙasa warwas da na gudu tun ranar. Mutanen nan sun daina yin wannan wautar.

Ga inda ya kama ni. Ya turo min harafi shida ta WhatsApp, ya ce: "Alhaji, kada ka yarda da maganata, shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka duba." Na shiga. Na rubuta harufan da sunan mahaifina kamar yadda yake a fasfo. Sai ga sunana, ga na maiɗakina, ga lambar jirgi, ga ranar tashi, ga lokacin sauka a filin jirgin Charles de Gaulle. A shafin kamfanin jirgin na gaskiya, ba na bogi ba. Wane ne zai ga wannan ya ce ƙarya ne? Minti goma bayan nan na tura miliyan 3 da dubu 800. Minti goma.

To ku ji yadda abin yake, don a nan ramin yake. Harufan nan shida, waɗanda 'yan harkar ke kira PNR, ba tikiti ba ne. Shaidar an kama kujera ce kawai. Duk wanda ke da damar shiga manhajar sayar da tikitin jirgi zai iya kama maka kujera bai biya sisi ba, kuma sunanka zai fito a shafin kamfanin ras. Kamfanin yana ba da wa'adi, wani kwana ɗaya, wani biyu ko uku, in ba a biya ba kujerar ta faɗi da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba 13, kowane fasinja da tasa, kuma ukun farko su ne ke nuna kamfanin da ya fitar da shi: 057 na Air France, 071 na Ethiopian, 235 na Turkish. In ba ka ga lambobin nan 13 a gaban sunanka ba, a shafin kamfanin, ba a takardar ejan ba, to ba ka da komai a hannu. A takardata gurbin lambar tikiti fayau yake. Na san wannan ƙa'idar, wallahi na san ta, na sha faɗa wa wasu. Ganin sunana a allo ne ya ɗauke min hankali, ban ko kai idona wajen ba.

Kuma sau biyu harufan suna canjawa. Na farko ya ce kamfanin ne ya sauya jirgi. Na biyu ya ce ya samo mana kujerun da ke kusa da juna. Ashe duk lokacin da wa'adi ya cika kujera ta faɗi, sai ya sake kama wata ya turo sabuwar lamba. Kyauta yake yi. Miliyan 3 da dubu 800 suna aljihunsa, shi kuma yana juya ni da abin da bai kashe masa ko kuɗin data ba.

Na ma yi gaba da labarin, bari in koma farko. Biza ce farko, ko in ce kuɗinta ne farko, miliyan 1 da dubu 400 da ya kira kuɗin biza da inshora da ranar ganawa. Bizar Schengen (ta rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har da Faransa) ta ɗan gajeren zama Yuro 90 ce ga babba tun watan Yunin 2024, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuma Yuro 45. Mu biyu Yuro 180, sai kuɗin aikin cibiyar da ke karɓar takardu. Cike fom a shafin France-Visas, na neman bizar Faransa, kyauta ne, kowa zai iya buɗe asusu ya cike. Shi ya cike mana, kuma da imel ɗinsa ya yi, saboda haka duk saƙon da aka turo a kan takardunmu wurinsa ya tafi. Ranar ganawar ta gaskiya ce, kuma ita ta ƙara ɗaure ni. Mun taso daga Kano, mun isa Abuja, sunanmu yana cikin jerin, an ɗauki zanen yatsunmu. Da aka zo biya sai aka ce ba a biya kuɗin biza ba. Na kira shi a tsaye a wurin, ya ce: "Ranka ya daɗe, yaron ofis ne ya yi shirme, ka biya, kafin ka isa Kano ka ji alat." Na biya. Yuro 180 ɗin da na riga na biya na sake biya. Alat har yau.

Takardar inshorar ma ta bogi ce. Doka ta ce inshorar tafiya ta rufe aƙalla Yuro 30,000 na jinya da mayar da mutum gida, ta yi aiki a duk ƙasashen Schengen, ta kuma rufe dukkan kwanakin tafiyar. Tawa duk an rubuta haka, har da hatimi. Da na kira kamfanin inshorar bayan komai ya lalace na karanta musu lambar, suka ce ba su da ita a littafinsu. Kiran minti uku ne. Da na yi shi a watan Nuwamba, da miliyan 1 da dubu 200 na ƙarshe ba su fita ba.

Maganar otal ɗin ma kafin ganawar ce, domin takardarsa tana cikin abin da muka miƙa. Dabarar iri ɗaya ce da ta jirgi. Otal-otal da yawa suna ba ka dama ka kama ɗaki a intanet ba ka biya ba, ka kuma soke kyauta kafin wani lokaci. Sai ya kama, ya buga takardar mai sunanka da kwanaki da lambar shaida, ya miƙa maka, bayan kwana biyu ya soke. Takarda tana hannunka tana ƙyalli, ɗaki babu. Ni da na nemo lambar otal ɗin da kaina na kira, mai karɓar baƙi ta duba ta ce an soke tun tuni. A hunturu agogon Paris da na Najeriya ɗaya ne, ƙarfe goman Kano ita ce ƙarfe goman can, lambar ƙasar kuma +33. Babu wani uzurin da ya hana ni kira tun farko in ban da na riga na saki jiki.

Kuma ko da bai soke ba, otal ɗin ba a cikin Paris yake ba. Ya ce min "tsakiyar gari, ka leƙa taga ka ga Eiffel". Duk adireshin da ke cikin birnin lambar gidan wayarsa da 75 take farawa, lambobi biyun ƙarshe kuma su ne gundumar, daga ta 1 zuwa ta 20. Hasumiyar Eiffel tana ta 7, Babban Masallacin Paris yana ta 5, kasuwar 'yan Afirka ta Château Rouge tana ta 18. Nawa da 93 ya fara, wato bayan gari, duk da akwai kalmar Paris ɓaro-ɓaro a sunan otal ɗin. Waɗanda ke kusa da filin jirgi a Roissy kuma 95 za ka gani, na wajen Disneyland 77. Ba laifi ba ne mutum ya sauka a can in ya sani, sai dai kada a karɓi kuɗin tsakiyar gari a hannunsa.

An hana mu biza, ba sai na faɗa ba. Takardar ƙin ta nuna bayanan da muka bayar a kan dalilin zuwa da wurin zama ba abin dogaro ba ne, kuma gaskiyarsu, ɗaki an soke, kujera ta faɗi. Kuɗin biza ba a mayarwa. Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙin yana zama shekara biyar a rumbun bayanan da duk ƙasashen Schengen ke dubawa, ga sunana ga yatsuna. Fasfona da bai taɓa samun tabo ba. Shi ya yi ƙaryar, ni na sa hannu a ƙasan fom, don haka ni ne mai ita.

Jiya na sake ɗauko jadawalin yawon da ya tsara mana, wanda na biya wa kashi na uku, na zauna ina karantawa ina jin kunyar kaina. Ya sa mu a gidan tarihi na Louvre ranar Talata, alhali Louvre ba ya buɗewa ranar Talata. Ya sa fadar Versailles ranar Litinin, ita ma ranar hutunta ke nan. Ya rubuta tikitin shiga majami'ar Notre-Dame, Yuro 25 kowane mutum, wurin da tun da aka sake buɗe shi a Disambar 2024 shigarsa kyauta ce, kamar yadda take kafin gobarar 2019. Sai wanda ya fi ba ni haushi: kallon faɗuwar rana daga saman Eiffel da ƙarfe 7 na yamma. A Disamba rana tana faɗuwa a Paris wajen ƙarfe 5, gari kuma ba ya wayewa sosai sai an wuce ƙarfe 8 da rabi. Mutumin nan bai taɓa taka garin ba. Hotunan tallansa duk dusar ƙanƙara ce fari fat, alhali abin da ka fi tararwa a can a watan nan yayyafi ne da iska da sanyin da bai cika wuce digiri 8 ba. Motar filin jirgi ya rubuta Yuro 120, ga shi tasi mai lasisi daga Charles de Gaulle kuɗinta a ƙayyade yake, Yuro 56 zuwa ɓangaren arewacin kogin Seine, 65 zuwa na kudu, jirgin ƙasa na RER B kuwa bai kai Yuro 15 ba. Duk wannan yana gabana tun kafin in tura miliyan 1 da dubu 200. Na karanta shi a guje, ina cewa ai mutumin da na ga sunana a shafin jirgi ta hannunsa ba zai cuce ni a kan tikitin gidan tarihi ba.

Kullum can nake komawa, harufan nan shida. "Kada ka yarda da maganata, duba da kanka." Ya san zan duba, ya kuma san abin da zan gani.

Akwai masu cewa me ya kai ni biyan tikiti tun biza ba ta fito ba. Gaskiya ne, shaidar kama kujera ta isa a miƙa, ba dole sai an saya ba. Amma kuɗin jirgi a ƙarshen Disamba kullum hawa yake, amsar biza kuma takan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Ya ce min tikitin na mayarwa ne in an hana. Lissafi na yi, ba hauka ba. Inda na yi sake na sani: asusun da na tura kuɗin ba na kamfani ba ne, sunan mutum ne, kuma sunan ma ba nasa ba. Ya ce na kamfanin yana da matsala da banki, wannan na ƙanensa ne. Sau uku na tura wa ƙanin da ban taɓa gani ba. Lambar rajistar da ke saman rasit ɗinsa kuwa, da na sa ta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wani kamfani daban ta fito da shi, wanda ko kusa ba harkar tafiye-tafiye yake yi ba.

Na kai ƙara banki da wurin 'yan sanda, na rubuta wa EFCC. Banki sun ce kuɗin ba su kwana a asusun ba, duk ranar da suka shiga ake kwashe su.

In za ku je, ku cike fom ɗinku da imel ɗinku, ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya. Ba lamba 13, ba biya. Ku kira otal da kamfanin inshora da lambar da kuka nemo da kanku. Kada ku tura wa asusun mutum.

Ina da komai: hirarmu ta WhatsApp tun sallamar farko, saƙonnin muryarsa yana rantsuwa, rasit uku na miliyan 6 da dubu 400, takardun jirgi uku masu harufa daban-daban. Zan ɗora su da daddare in na gama rufe lambobin fasfonmu, sunansa kuma an ce in dakata tukuna saboda bincike. Mutum biyu sun riga sun same ni da irin takardar nan tasa, har jadawalin Louvre na ranar Talata bai canja ba. Shafin nasa bai rufe ba, suna kawai ya sauya, ya cire hoton Eiffel, yanzu Umarar azumi yake talla.