Waƙar fim da waƙar makaɗan da: amsa ga ƙanena na Tudun Wada

Wani ƙanenmu daga Tudun Wada ta nan Zariya ya yi tambaya a zaure ranar Juma'a. Ya ce mahaifinsa ba ya sauraron kowa sai su Shata da Ɗanƙwairo, shi kuwa waƙoƙin finafinan Hausa ne ke ratsa shi. To wacce ta fi, kuma ko shi ne ba shi da kunne? Ƙanena, kunnenka lafiya lau. Bari in jera maka su kafaɗa da kafaɗa, ka ga inda kowacce ta yi zarra.

Waƙar makaɗi a gaban jama'a ake haihuwarta. Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, an san shi da ƙaga waƙa nan take a filin wasa: ya hango mutum, ya kama sunansa, 'yan amshi su riƙe gindin waƙa, shi yana zuba 'ya'yanta. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya a kaset biyu ta sha bamban. Waƙar fim kuwa a sutudiyo ake ɗinka ta. A rubuta baiti, mai fiyano ya ɗora kiɗa, mawaƙi ya rera, a gyara murya a kwamfuta, sannan jarumi da jaruma su je su hau kanta suna motsa baki. Wannan tsari daga Indiya muka ɗauko shi, inda irin su Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar suka shekara da shekaru suna rera wa wasu fuskoki waƙa. Iyayenmu da suka sha kallon Indiya a silima sun san haka sarai.

A fagen kiɗa nake so ka tsaya ka natsu. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, ya sassauta, sautin ya hau ya sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, har wanda ya saba zai gane taken da ake kaɗawa tun ba a buɗe baki ba. Kotson Ɗanƙwairo kuma nauyin fada gare shi, kana ji ka san sarauta ake wa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya ce tak, amma ta ishe shi ɗaukar labarin talaka. Ƙwaryar amada ta Barmani Coge, mutuniyar Funtuwa nan kusa da mu, ta mata ce a cikin gida, da nata bugun. Kowane makaɗi da muryar kayan kiɗansa. Fiyanon Yamaha da finafinanmu suka tashi da shi bayan fitowar Turmin Danya a 1990 ba ya wannan aiki. Yana iya kwaikwayon sarewa da ganga da goge duk a lokaci guda, sai dai sautin a daskare yake, abin da aka danna jiya shi za a ji gobe. Nan ne waƙoƙin fim da yawa suka yi kama da juna, kuma nan ne nake bin bayan mahaifinka ba tare da wata-wata ba.

Amma wajen karin murya ina tare da kai. Mawaƙan fim sun kawo zaƙin rerawa da jan murya, da amsa-amsa tsakanin namiji da mace, abin da makaɗan fada ba su damu da shi ba. Sun kuma ba soyayya fili. Saurayi da ke Samaru yana kewar budurwarsa ba zai samu abin da zuciyarsa ke nema a waƙar yabon hakimi ba.

Magana kuwa ta makaɗan da ce. Habaici, zambo, kirari, tarihin gida da jerin kakanni, karin maganar da yanzu sai a bakin tsofaffi. Ba banza ba Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, amma har yau ka bi ta tashar mota ko rumfar mahauta a Sabon Gari za ka ji shi. Waƙar fim ita a jingine take da hoto. Idan an manta fim ɗin, sau da yawa ita ma ta bi shi, sai 'yan kaɗan da baitinsu ya yi ƙarfin tsayawa shi kaɗai.

Akwai abu na uku da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi ci mini rai: kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin fim, wanda ba a rera komai a kansa. Duk wanda ya kalli The Message na 1976, fim ɗin tarihin farkon Musulunci, zai tuna yadda kiɗan Maurice Jarre ke sa tsigar jiki tashi a fagen hijira da na yaƙi. Don wannan fim aka tsara shi, fage bayan fage. Mu kuwa sau tari sai a ɗauko sautin da aka tarar a kwamfuta a shimfiɗa ƙarƙashin kuka da dariya baki ɗaya, alhali muna da gurmi da kukuma da algaita, da masu kaɗa su da ransu.

Idan ka koma gida, ka roƙi Baba ya zaɓa maka waƙa ɗaya ta Ɗanƙwairo. Ka ji ta sau uku. Na farko ka bi kotso kawai, na biyu ka bi 'yan amshi, na uku ka tsayar da ita duk inda kalma ta shige maka duhu, ka tambaye shi. Sannan kai ma ka kunna masa wadda ka fi so, ka ce ya saurari muryar.