Kwana biyar a Tirana: aikin hannu arha, kayan kwali tsada

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da yara duk suna lafiya. Na dawo Bari, nan Italiya, tun ranar Talata, kumburin ya sauka, har na fara tauna nama a ɓangaren hagu. Ka ce in ba ka labarin Albaniya, ƙasar da na je gyaran haƙori, in kuma duba maka ko akwai hajar da za ta karɓu a shago. To ga abin da idona ya gani.

Albaniya tana tsallaken teku ne daga inda nake. Jirgin ruwa na shiga da daddare, gari na wayewa muka sauka a Durres, daga nan mota ba ta cika awa guda ba ta kai mu Tirana, babban birninsu. Ba su nemi biza ba, takardar zamana ta Italiya ta wadatar. Ƙasar 'yar mitsitsiya ce, ƙidayar 2023 ta ba su mutum kusan miliyan 2.4, ka ga ko kusa da birnin Kano ba su kai ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kuɗinsu. Sunansa lek, kuma lek 100 kusan yuro ɗaya ne, lissafi mai sauƙi. Da safen farko na tsaya wurin wata dattijuwa mai sayar da burek, wani waina-waina ne mai ɓawo sirara ana cusa masa cuku ko alayyafo ko nama. Na nuna guda, ta ce mini da Italiyanci ɗari biyar. Na ce a raina, yuro biyar a kan wannan ɗan abu, ina arhar da ake ta faɗa? Na miƙa mata takardar 500 ina ɓata rai. Sai ta ƙirgo 450 ta zuba mini a hannu, tana dariya har da riƙe ciki. Ashe tun 1965 gwamnati ta yanke sifili ɗaya daga kuɗin, amma bakin mutane bai yarda ba. Har yau a kasuwa da tsohon lissafi ake magana, a takarda kuwa da sabo. Sai na tuna Inna da fam da sule, da mutanen Maraɗi masu cewa dala ɗari alhali sefa 500 suke nufi. Daga ranar duk wanda ya faɗa mini farashi sai na tambaya, tsoho ko sabo? Ba kowa ne zai mayar maka da canji kamar dattijuwar nan ba.

Maganar haƙori. Asibitin da na je cike yake da Italiyawa, tsofaffi da matasa, wasu jirgi ɗaya muka hau. Likitan da ma'aikatansa duk suna jin Italiyanci, da yawa a talabijin suka koya tun suna yara. Kayan aikin ba su da bambanci da na Bari, amma kuɗin da na biya na cire guda da dasa wani bai kai rabin abin da aka yanka mini can ba, kuma ban jira wata biyu kafin a gan ni ba. Inda suka ɓata mini shi ne wurin biya. Sai da aka gama aiki aka ce na'urar kati ta lalace, in kawo tsaba. Na fita baki a kumbure ina neman ATM, shi ma ya zaftare nasa kason. Garin nan na tsabar kuɗi ne, wanda zai je ya riƙe yuro a aljihu ya canza a wurin 'yan canji, suna ko'ina kuma farashinsu ya fi na banki.

Duk abin da hannun mutum ke yi, ko ƙasarsu ta tsiro da shi, arha ne. Bas ɗin cikin gari lek 40, kwandasta na ratsa mutane yana karɓa yana yaga tikiti. Aski na yi da kuɗin da a Italiya ko kujera ba za a ba ni ba. Kofi kuwa kamar shi ne sana'ar garin, kowane lungu da shagonsa, mutum ya sayi ɗan ƙaramin kofi ya zauna a kansa awa biyu ba mai ce masa tashi, sak majalisar mai shayi. A kasuwar da suke kira Pazari i Ri na ga tumatir da ɓaure da zaitun a manyan robobi, da zuma, da wani ganye da suke kira shayin dutse. Tumatirinsu yana da ƙanshin na fadama, ba irin na kanti mai ɗanɗanon ruwa ba. Akwai kuma dhalle, tsinkakken nono mai gishiri, da za a samu fura da an gama magana.

Amma da na shiga babban kanti sai labari ya sha bamban. Taliya, madarar yara, sabulun wanki, man shafawa, duk abin da ya tsallako teku a kwali, farashinsa ɗaya da na Italiya, wani ma ya ɗara. Nan ne na tsaya ina lissafi. A 2023 aka kai mafi ƙarancin albashinsu lek 40,000 a wata, wato wajen yuro 400. Arhar da nake ta murna da ita, arhar mai karɓar albashi a Italiya ce. Yaron da ya yi mini aski ya ce yayyensa biyu suna Jamus, shi ma yana koyon Jamusanci da dare. Da na ce masa ni ma baƙo ne a Bari, ya ce to ai jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Saboda haka batun haja, Yaya, ka cire rai. Gaskiya ne suna ɗinka takalma da tufafi, amma yawanci na kamfanonin Italiya ne, a kawo fata a ɗinka a mayar. Abin da ke rataye a shagunansu na Turkiyya ne da Sin, sai gwanjo. Wanda ke sarowa daga Istanbul kai tsaye ya riga ka.

Wuta ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba a kwana biyar ɗin. Mafi yawanta daga madatsun ruwa na kogin Drin take zuwa. Ruwan famfo ne ba su amince da shi ba, kowa na gora yake sha, kuma ka ɗaga kai ka ga tankuna jere a kan benaye kamar a unguwarmu. Titi kuwa Marsandi ce ta cika shi, tsohuwa da sabuwa, ga wurin wankin mota a kowace kwana. Mai masaukina ya ce kafin 1991 talaka ba shi da izinin mallakar mota, shi ya sa da aka saki mara kowa ya auka. Tuƙin nasu ma na wanda ya makara ne.

Wannan duk aikin Anwar Hoja ne, wanda ya mulke su daga 1944 har ya mutu a 1985. Ya rufe ƙasar ruf, ya cika ta da ramukan ɓuya na kankare sama da 170,000 don tsoron harin da bai taɓa zuwa ba. Biyu daga cikin manyan yanzu gidan tarihi ne, ana biya a shiga. Unguwar da shi da manyan jam'iyyarsa ta kwaminisanci suka killace wa kansu, Blloku, yau ita ce matattarar shagunan kofi mafi tsada. A 1967 ya hana addini gaba ɗaya, masallaci da coci, shi da ya fito daga gidan Musulmi. Ɗan ƙaramin masallacin Et'hem Bey da ke bakin dandalin Skanderbeg ya tsira ne don an ɗauke shi kayan tarihi, sai a Janairun 1991 dubban mutane suka shiga suka yi salla ba tare da izini ba. Na yi la'asar a ciki, bangon duk zanen itatuwa da gadoji. Juma'a kuwa a sabon babban masallacin Namazgah na yi, mai hasumiya huɗu, wanda Turkiyya ta gina aka buɗe a Oktoban 2024. Matasa sun fi tsofaffi yawa a sahu.

Sai dai kada jin kiran salla ya sa mutum ya saki jiki a gidan abinci. Ana sayar da alade, ana shan wata barasa da suke kira raki, har mai masaukina ya miƙo mini da safe don karramawa. Kalma ɗaya na haddace, derr, wato alade, ina tambaya kafin a zuba. Naman rago da aka gasa cikin kindirmo, tave kosi, shi na fi ci.

Na sayo wa Inna zuma kwalba biyu da shayin dutsen nan, da man zaitun lita ɗaya naka, zan ba mai zuwa gida bayan salla. Likita ya ce in koma nan da wata huɗu a ɗora kan haƙorin, kuma wannan karon da kuɗina a hannu zan tafi.