Zamewa ko Riƙewa: Yadda Ake Bambance Matsalar Kulochin Vespa PX Kafin a Kwance Shi

Ɗan'uwa, ka ce kana da Vespa PX 150 wadda giyarta ta ɗaya take shiga da ƙara har babur ya zabura gaba ko da ka matse liba, da makaniki ya ɗaure wayar kulochi sai giya ta yi laushi, amma yanzu kik yana wucewa bai juya inji sosai ba, kuma a hawan tudu inji yana kuka babur ba ya ƙara gudu. Wani ya ce ka sayi sabon filet, wato farantan gogayya na cikin kulochi, wani ya ce waya ce kawai, kana neman sanin wanda ya fi gaskiya.

Abin da ka bayyana matsaloli biyu ne masu kishiyantar juna. Ta farko riƙewa ce, wato ka matse liba amma kulochi bai saki inji gaba ɗaya ba. Ta biyu zamewa ce, wato ka saki liba amma kulochi bai kama inji da ƙarfin da ya kamata ba. Noti ɗaya ne a ƙarƙashin inji ake juyawa don saita waya, kuma duk juyin da ya rage ɗaya yana iya jawo ɗayar, shi ya sa gyaran da aka yi maka ya fitar da kai daga wannan ya jefa ka cikin waccan.

Kowace tana da gwajinta, kuma babu wanda yake buƙatar sifana. Don gane riƙewa, ka kashe inji, ka sa giya ta ɗaya, ka matse liba har ta taɓa hannu, sannan ka tura babur: idan lafiya lau ne zai tafi da ɗan nauyi kaɗan, idan kuwa tayar baya tana turjiya ko kana jin inji yana son juyawa, kulochi bai saki ba. Wata alamar ita ce wahalar samun firi alhali inji yana silo, amma da ka kashe shi sai firi ta shiga da sauƙi. Don gane zamewa, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka buɗe totur sosai. Idan kukan inji ya tashi gudu bai bi shi ba, zamewa ce. Kik ɗin da ka ambata shaida ce mai ƙarfi, domin a wannan injin ƙarfin ƙafarka ta cikin kulochi yake bi kafin ya isa fistan, saboda haka kulochin da ba ya kamawa ba zai juya inji da kyau ba.

Ta ɓangaren waya, zamewa tana zuwa ne idan an ɗaure ta har babu sarari a liba, ko idan ta yi tsatsa tana maƙalewa cikin bututunta ba ta komawa. Riƙewa kuwa tana zuwa idan wayar ta yi sako-sako, ko ta miƙe saboda zarurrukanta sun fara tsinkewa. Ƙa'idar ita ce liba ta yi wasa na kimanin milimita 2 kafin ka ji nauyi. Ina roƙonka kada ka ci gaba da hawa da wayar da aka ɗaure tamau, domin akwai ɗan guntun tagulla a cikin murfin kulochi wanda yake tura faranti, kuma idan babu sarari yana gogar ƙarfe mai juyawa ba hutawa har ya cinye.

Mai ma yana da hannu a duka biyun. Kulochin Vespa a cikin man giya yake wanka, kuma abin da aka tsara masa shi ne SAE 30, kimanin mililita 250, wanda ba shi da alaƙa da man da ake gauraya wa fetur. Mai kauri da yawa, ko wanda aka zuba fiye da kima, yana manne farantai, sai riƙewa ta tsananta da safe lokacin hunturu ta ragu idan inji ya yi zafi. Man mota na zamani mai sinadarin rage gogayya yana sa filet santsi, sai zamewa ta biyo baya. Ka kafe babur a wuri mai daidai, ka tsiyaye tsohon, ka zuba sabo har ya fara ɗigowa daga ramin zubawa. Ka shinshina wanda ka tsiyaye: idan yana warin fetur, ko salansa tana fitar da farin hayaƙi mai yawa kuma man giya yana raguwa, robar da ke tare mai a gefen kulochi ta lalace, wannan kuma aiki ne na daban.

Idan an saita waya daidai, an canza mai, amma babu wurin da za a tsayar da noti matsalolin biyu su ɓace tare, to laifin yana ciki, kuma a ganina nan babur ɗinka yake. Ana cire tayar baya, a kwance ƙusoshi uku na murfi, sai kulochi ya bayyana. A ciki, masu jawo zamewa su ne filet da ya cinye ko ya ƙone ya yi baƙi da sheƙi, da sifirin da suka gaji. Masu jawo riƙewa sun fi yawa kuma sun fi ɓoyuwa: farantan ƙarfe da zafi ya lanƙwasa, guntun tagullar nan da ya cinye, bushin tagulla na tsakiya da ya lalace, da kuma tsagar kwandon kulochi inda kunnuwan filet suka ci ƙarfe suka bar gurabe kamar haƙoran zarto, filet yana maƙalewa a ciki maimakon ya zame ya rabu. Ka ɗora kowane farantin ƙarfe a kan gilashi ka danna gefensa da yatsa. Wanda ya yi rawa ya lanƙwashe. Ka kuma bi tsagar kwandon da farce, za ka ji guraben idan suna nan. Marasa zurfi ana iya goge su a hankali, masu zurfi sai sabon kwando.

Saboda haka mai cewa waya ce ya yi gaskiya a kan zamewar da ta zo daga baya, mai cewa filet ne kuma ya hango rabin aikin. Sabon filet yana maganin zamewa kusan kullum, amma ba ya maganin riƙewa idan an mayar da shi tsakanin lanƙwasassun farantai cikin kwando mai gurabe. Idan za ka jinkirta ɗaya, riƙewa ce ba ta jira, domin duk shigar giya da ƙara tana cin ƙarfen nan mai rassa huɗu da ke zaɓar giya, kuma idan ya cinye giya za ta riƙa fita da kanta, gyaransa sai an raba inji biyu.

Wajen sayen kaya ka tafi da tsohon a hannu. Piaggio ya fito da PX a 1977, kuma tsofaffin 125 da 150 suna da kulochi mai sifirin 6 da filet 3, na 200 yana da sifirin 7, waɗanda suka fito daga baya kuma suna da irin na Cosa, wani samfurin Vespa, mai sifirin 8 da filet 4, kuma filet ɗin tsohon ba ya shiga na Cosa. Ka jiƙa sabon filet cikin man giya ya kwana kafin a ɗaura. Tsohon samfurin yana da noti mai haƙora da ke riƙe kulochi a sandar inji, wanda yake da mabuɗinsa na musamman, kada ka yarda a buge shi da kurfi da guduma, kuma a sa sabuwar wosha mai kulle shi, a tabbata ɗan makullin da ke cikin tsagar sandar inji ya zauna daidai kafin a ɗaure.